Saƙo ya iso amma waya ta yi gum: tambayoyi da amsoshi kan foldojin imel

Aikina saita wa ƙananan ofisoshi da 'yan kasuwa imel ne, kuma ƙorafin da na fi ji kusan kalmominsa ɗaya ne: "An ce an turo mini tun shekaranjiya, ni kuwa ban ga komai ba." Sai a buɗe kwamfuta a tarar da saƙon zaune lafiya lau cikin wata folda, ko taɓa shi ba a yi ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan haka. Sunayen maɓallai na bar su da Turanci domin haka za ka gan su a wayarka, sai dai kamfanoni kan sauya musu wuri lokaci zuwa lokaci.

Saƙon nawa ɓacewa ya yi?

A'a. Yana kan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da akwatin imel ɗinka, wadda wasu ke kira uwar garke. Shiga ta burauza ka duba foldojin ɗaya bayan ɗaya, ko a wayar ma ka buɗe foldar ka ja allon ƙasa da yatsa, za ka ga ya faɗo.

To me ya hana wayar ta sanar da ni?

Ɗauki akwatin imel kamar gida mai zaure da ɗakuna. Inbox shi ne zauren, foldoji su ne ɗakunan ciki. Manhajar wayarka maigadi ce da aka ba tabarma a zaure aka ce duk wanda ya shigo ta yi magana. Ranar da ka kafa dokar tacewa a kan saba, wato umarnin da ke raba saƙonni zuwa foldoji da kansa, ka buɗe ƙofar baya ke nan: ɗan aike ya zo da wasiƙa, saba ta karanta sunan mai aikowa, ta wuce da ita kai tsaye ɗaki na uku. Wasiƙar ba ta taka zaure ba ko na daƙiƙa ɗaya. Maigadi bai yi barci ba, bai kuma yi ƙarya ba da ya ce ba wanda ya shigo. Ba a dai ce masa ya riƙa leƙa ɗakuna ba.

Yawancin manhajojin imel na waya haka suke zuwa daga kamfani: Inbox kaɗai suke sa wa ido. Sauran foldoji sai ka buɗe su da hannunka sannan manhajar ta tambayi saba ko akwai sabo.

Ni ban tuna na kafa wata dokar tacewa ba. Daga ina ta fito?

Wurare uku ake samunta. Na farko, kai ko wani ya kafa ta a shafin imel na burauza, ya manta. A Gmail, duk dokar da aka zaɓa mata "Skip the Inbox" tana yin wannan aikin. Na biyu, idan imel ɗin na ofis ne mai adireshin kamfani, mai kula da shi yana iya kafa ta a cPanel, shafin sarrafa saba, ko a Roundcube, shafin karanta imel a burauza, ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan sabobin suna amfani da wani ɗan yaren rubuta dokoki mai suna Sieve, wanda aka fara wallafa ƙa'idarsa a 2001. Na uku, matatar saƙonnin banza, wadda ita ma doka ce irin wannan, sai dai ba kai ka rubuta ta ba.

Akwai kuma doka iri ta biyu da ke rikita mutane: wadda ke zaune cikin manhajar kwamfuta, kamar dokokin Thunderbird na tebur ko wasu daga cikin na Outlook da ba sa aiki sai kwamfutar tana kunne. Ita wannan sai saƙo ya sauka a Inbox sannan take ɗauke shi. Shi ya sa wani zai ce maka wayarsa ta yi ƙara, ya duba bai ga komai ba. Kwamfutar ofis ce ta riga shi, ta kwashe saƙon zuwa folda. Idan kuma an ɗauke wuta a ofis kwamfutar ta mutu, sai ya ga duk saƙonni suna tsayawa a Inbox kamar babu doka. Ranar da na fara gane haka, na daɗe ina zargin wayar mutumin a banza.

Me ya sa kwamfuta take nuna adadin sababbin saƙonni a kowace folda, waya ba ta yi?

Kwamfuta tana jone da wuta, ba ta tsoron cin caji, don haka manhajarta tana iya zagaya foldoji kowane 'yan mintuna. Ko ita ma ba kullum take yi ba: a Thunderbird na tebur sai ka danna dama a kan folda, ka shiga bayananta, ka zaɓi a riƙa duba ta duk lokacin da ake karɓo saƙonni. Shafin burauza kuwa a jikin sabar yake, abin da ke can shi yake nuna maka.

Wai me ya gagari masu ƙera manhaja? Ba sai su sa ta kalli dukkan foldoji ba?

Nan ne asalin matsalar take, kuma ta girmi wayoyin da muke riƙewa. Hanyar da yawancin manhajoji ke magana da saba ita ce IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙira a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986. A tsarinta, manhaja tana buɗe layin haɗi da saba, ta zaɓi folda ɗaya, ta yi aiki a cikinta. Folda ɗaya a layi ɗaya, ba biyu ba. A 1997 aka ƙara mata wani umarni mai suna IDLE, wanda ke ba manhaja damar cewa saba: na yi shiru ina saurare, da wani abu ya shigo ki taɓa ni. Wannan shi ne abin da ke sa saƙo ya iso nan take. Amma IDLE foldar da aka zaɓa kawai yake saurare. Mai folda goma sha biyu da ke son kowacce ta sanar da shi nan take, sai wayarsa ta riƙe layi goma sha biyu a buɗe dare da rana.

Riƙe layi ba kyauta ba ne. Ƙa'idar IDLE kanta ta ce a sabunta umarnin aƙalla kowane minti 29 kada saba ta ɗauka an tafi. A kan layin waya abin ya fi haka muni, domin na'urorin kamfanonin sadarwa kan yanke haɗin da ya daɗe shiru, dole manhajar ta riƙa ɗan motsawa akai-akai. Kowane motsi yana tada sashen sadarwar wayar, yana lasar caji. In kana wurin da sabis ke hawa da sauka, duk yankewa sai an sake gaisawa da saba daga farko, layi bayan layi.

Su ma sabobin ba sa barin a yi musu cunkoso. Gmail yana yarda da layin IMAP 15 ne a lokaci guda ga kowane akwati. Dovecot, manhajar da ke ƙarƙashin imel ɗin ofisoshi masu yawa, tana zuwa da iyakar layi 10 ga mutum ɗaya daga adireshin intanet ɗaya, sai in mai kula da sabar ya ƙara. Waya, kwamfutar tebur da ta tafi-da-gidanka duk a kan wayifai ɗaya na ofis, kowacce ta buɗe layi huɗu ko biyar, an cika. Daga nan sai ka fara ganin saƙon kuskure wai an kasa haɗuwa da saba, ka yi ta canza kalmar sirri alhali ba ita ba ce.

Saboda haka masu manhaja suka zaɓi abin da ya fi sauƙi: layi ɗaya, a kan Inbox. Ban ga laifinsu a wannan zaɓin ba. Laifin da nake gani shi ne ba sa gaya wa mai waya a fili lokacin da yake saita akwatin.

Wannan ɗan abin har zai iya jawo asara?

Wani Alhaji da nake wa aiki, mai shigo da tayal ta Legas, ya kira ni da hantsi ransa a ɓace. Wakilinsa na tashar jiragen ruwa ya ce ya turo takardar da ake buƙatar sa hannunsa tun ranar Alhamis, ga shi yau Litinin, kwantena na zaune kuɗin ajiya na hawa.

"Malam, ba kai ka saita mini wayar nan ba? Ko dai wakilin nan ƙarya yake min?"

"Ranka ya daɗe, a ba ni wayar in gani tukuna."

Inbox ba komai sai tallace-tallace. Na danna layukan nan uku na saman hagu, na gangara ƙasa, sai ga wata folda an rubuta mata Kwantena, babu ko lamba a gefenta. Na taɓa ta. Ɗan da'irar nan ya yi juyi biyu, sai saƙonni huɗu suka zubo da baƙin rubutu mai kauri, na ƙarshen an rubuta kansa da manyan baƙaƙe. Ashe ɗansa ne, da kyakkyawar niyya, ya kafa doka a burauza don saƙonnin wakilin su daina cakuɗa da tarkace. Ya ware saƙon da ya fi kowanne muhimmanci ya kai shi ɗakin da ba mai leƙawa.

Alhaji ya dubi yaron, ya dube ni, ya ce, "To a mayar min da su inda zan gani." Abin da muka yi ke nan.

Manhajar Gmail nake amfani da ita a Android. Yaya zan gyara?

Idan akwatin na Gmail ne, gyaran yana da sauƙi. Gmail ba foldoji yake da su ba, lakabi yake liƙa wa saƙo, kuma kowane lakabi yana da saitinsa. Shiga Settings, zaɓi akwatin, nemi "Manage labels", taɓa lakabin. Da farko za ka ga ba a saukar da saƙonninsa kwata-kwata. Canza shi zuwa na kwana 30 na baya ko kuma duka, sannan ka kunna "Label notifications". Sai an yi na farkon na biyun yake buɗewa, kuma nan mutane suka fi tsayawa.

Idan kuwa imel ɗin ofis ka saka cikin manhajar Gmail ta hanyar IMAP, ba za ka ga wannan wurin ba sam. Abin da za ka samu shi ne zaɓin kowane minti nawa za ta leƙa, kuma Inbox take leƙawa. A wannan halin shawarata ka sauya manhaja.

Wace manhaja ce ke barin mutum ya zaɓi foldojin da kansa?

A Android biyu nake ba mutane. Ta farko K-9 Mail, wadda masu Thunderbird suka karɓa a 2022, suka fitar da ita da sunan Thunderbird na Android a 2024. A cikin "Manage folders" kowace folda tana da nata zaɓin: a nuna ta, a riƙa leƙa ta, a saurare ta nan take, a yi sanarwa. Tsofaffin K-9 suna raba foldoji aji na ɗaya da aji na biyu, tsarin da ya rikita mutane shekara da shekaru. In irinta ce a hannunka, ka sa foldar a aji na ɗaya a wajen leƙawa da wajen sanarwa duka.

Ta biyu FairEmail. Saitunanta sun yi yawa har suna tsorata sabon shiga, amma a wannan batun ba ta da ta biyu: ka danne folda ka riƙe, ka shiga gyaranta, ka kunna daidaitawa da sanarwa, ka kuma zaɓi ko ta riƙe layi a buɗe ko ta riƙa leƙawa lokaci-lokaci.

A dukansu ka tuna abu biyu ne daban: saukar da saƙo da yin ƙara. Folda na iya sauke saƙo shiru in ba ka kunna mata sanarwa ba.

A iPhone fa?

Ya danganta da irin akwatin. A saitunan Mail, ƙarƙashin akwatuna, akwai "Fetch New Data". Idan akwatin na iCloud ne ko na Exchange, tsarin imel na Microsoft, za ka iya zaɓar Push, wato saba ta turo saƙo da zarar ya iso, sannan ka yi alama a foldojin da kake so a turo maka nan take. Exchange yana iya wannan ne domin hanyarsa tana barin waya ta miƙa jerin foldoji a saurare su duka a layi ɗaya.

Idan IMAP ne na ofis, ko Gmail na kyauta, Fetch kawai za ka samu, wato wayar ta riƙa leƙawa da kanta: kowane minti 15, minti 30, awa ɗaya, ko da hannu. Google ya rufe wa sababbin na'urori masu akwatin kyauta hanyar Exchange tun 2013. A nan foldojin ciki sai ka buɗe su. Abin da nake yi wa masu iPhone shi ne in danna Edit a jerin akwatuna in ɗauko foldar in kawo ta sama, ta zama kusa da yatsa. Jerin VIP ma, wato jerin mutanen da ka ware a riƙa sanar da kai saƙonsu, kada ka dogara da shi a wannan, domin sai wayar ta ga saƙon sannan za ta san daga wa yake.

Ni foldar ma ba ta bayyana a wayata.

Abu uku za ka duba. Ko an saita akwatin da POP3, tsohuwar hanyar da ba ta san folda ba sam, Inbox kawai take kwasowa. Wannan sai an cire akwatin an sake sa shi da IMAP, amma ka tabbata saƙonnin suna nan kan saba kafin ka cire. Ko kuma ba a yi wa foldar rajista ba: IMAP yana da jerin foldojin da mai akwati ya ce a riƙa nuna masa, kuma foldar da aka ƙirƙira daga wani wuri ba lallai ta shiga jerin ba. A Roundcube ana yi mata alama a saitin foldoji. Ko kuma sabar tana jera foldojinta a ƙarƙashin INBOX, manhajar ba ta gane ba, sai an rubuta INBOX a gurbin "IMAP path prefix". Ga mai Gmail da ke amfani da wata manhajar daban, a shafin lakabai na burauza akwai "Show in IMAP" a gefen kowane lakabi.

Na kunna komai, har yanzu shiru.

Yanzu ka bar manhajar ka dubi wayar kanta. Tun Android 6 na 2015, waya idan ta kwanta ba a taɓa ta ba takan hana manhajoji shiga intanet sai a ɗan tsakani. Kamfanoni da dama sun ƙara nasu matsin a kai, kuma wayoyin Tecno, Infinix da itel da suka cika hannunmu suna cikin masu saurin kashe manhajar da ke aiki a bayan fage. Cire manhajar imel daga jerin waɗanda ake takura wa saboda batir, ka ba ta izinin tashi da kanta, ka daina share ta da maɓallin wanke waya. Duba kuma ko yanayin tsimin data yana kunne. Daga Android 13 kuwa, sai ka ba manhaja izinin sanarwa da bakinka. In ka danna a'a ranar farko cikin sauri, shi ke nan har sai ka koma ka buɗe.

Sai wani abu da ba a cika tunawa ba. Koma ka karanta dokar tacewar. In an haɗa mata da "Mark as read", saƙon yana isa folda ne a matsayin wanda aka karanta, kuma manhajoji ba sa ƙara a kan karantaccen saƙo.

Ba zai cinye mini data da caji ba?

Leƙawa kanta ba ta da nauyi. Akwai umarnin IMAP mai suna STATUS da ke tambayar saba adadin saƙonnin folda kawai, amsar layi ɗaya ce ta rubutu. Abin da ke cin data shi ne saukar da hotuna da takardun da aka maƙala, wannan kuwa kana iya cewa sai an hau wayifai. Caji kuma yawan layukan da ke buɗe ne ke cinsa. Tsarin da nake bi: Inbox da folda ɗaya ko biyu nan take, wasu kaɗan kowane minti 30 ko awa, saura sai na buɗe. Kada ka yi mamaki in ka ga mafi ƙanƙantar tazara minti 15 ce, Android ne ya sa wannan iyakar ga ayyukan da ake maimaitawa a bayan fage.

To in goge dokokin ke nan gaba ɗaya?

A'a, juya su za ka yi. Yawancin mutane suna tace mai muhimmanci su bar tarkace a zaure: foldar banki, foldar maigida, foldar kwastoma. Ni akasin haka nake yi. Abin da zai iya jira, irin su jaridun imel, rasit na atomatik, sanarwar Facebook da LinkedIn, shi ake turawa ɗaki. Abin da ba ya jira a bar shi a Inbox, in ka gama da shi ka ajiye shi a folda da hannunka.

In kana son tsari da sanarwa duka, akwai tsaka-tsaki. A Gmail, ka liƙa lakabin amma kada ka zaɓi "Skip the Inbox", saƙon zai bayyana a wuri biyu alhali guda ɗaya ne. A sabar da ke da Sieve, ana iya cewa a kai kwafi folda a bar asali a Inbox, sai dai nan kwafi biyu ne na gaske, za su ci wuri, kuma karanta ɗaya ba ya karanta ɗayan. Ko kuma dokar ta sa wa saƙon tuta kawai ba tare da ta motsa shi ba.

Ba a samo gyara na dindindin ba har yau?

An samo a takarda. A 2009 aka fitar da ƙarin IMAP mai suna NOTIFY, wanda ke barin layi ɗaya ya saurari foldoji da yawa. Dovecot ta iya shi, amma sabobi da manhajojin da suka ɗauke shi kaɗan ne, kowane ɓangare yana jiran ɗayan ya fara. A 2019 kuma aka kammala wata sabuwar hanya mai suna JMAP, wadda kamfanin Fastmail na Ostireliya ya jagoranta, ita tun tushe duk akwatin take sa wa ido ba folda ɗaya ba. Manyan masu imel ba su koma kanta ba. Su suna da manhajojinsu da ke magana da sabobinsu ta hanyar kansu, shi ya sa manhajar Gmail take aiki sumul da akwatin Gmail, ta yi sanyi da na wasu.

Yaya zan tabbatar gyaran ya kama?

Kada ka gwada da wayar a hannunka allon yana haske, domin a haka kusan komai yana aiki. Kashe allon, cire ta daga caji, ajiye ta a tebur minti ashirin ko fiye. Sannan ka sa wani ya turo maka saƙon da zai faɗa cikin dokar, ko ka turo daga wani akwatin naka da kalmar da dokar ke nema. Duba a burauza ka ga ya shiga foldar, ka kalli agogo. In ka saita nan take, bai kamata ya wuce minti ɗaya ko biyu ba. In leƙawa ce, ba shi tazarar da ka zaɓa da ɗan ƙari. Maimaita sau ɗaya a kan wayifai, sau ɗaya a kan datar layi, domin na sha ganin wanda ke aiki a ofis ya mutu da an fita bakin titi.